Me ya sa allurar da ta kwantar mini da ciwon gaɓoɓi ba za ta yi wa ƙanwata mai cutar MS ba?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekara huɗu ke nan ina fama da amosanin gaɓoɓi irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa, kuma tun da aka ɗora ni a kan allurar adalimumab na samu sauƙin da ban taɓa zato ba. An yi mini bayani cewa allurar tana toshe wani sinadari ne mai suna TNF, wanda ke rura wutar kumburi. To, wata uku da suka wuce aka tabbatar wa ƙanwata tana da cutar MS, wato ciwon da ke kama jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, bayan idonta ɗaya ya dushe, ƙafafunta kuma suka riƙa ɗauke ji. Na karanta cewa ita ma cutar irin waɗannan sinadarai ne ke tayar da ita, har da TNF ɗin. Amma da na tambayi likitanta ko allurata za ta yi mata, sai ya ce ko kusa, tana ma iya ƙara mata ciwo. Yaya abu ɗaya zai zama magani a wurina, illa a wurinta? Kuma me ya sa ba za a auna jininta a ga sinadarin da ya yi yawa a rage shi ba?

Amsa: Sannu, 'yar'uwa. Allah Ya ba ƙanwarki lafiya, ke ma Ya ɗorar miki da sauƙin da kika samu. Likitanta gaskiya ya faɗa miki, kuma abin da ya ɗaure miki kai shi ne ya ɗaure wa masu bincike kai a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, lokacin da suka yi irin lissafin da kika yi, suka gwada shi a kan marasa lafiya, sakamakon ya fito a juye. Zan bi da ke ta hanyar da aka bi aka gane hakan, domin a ganina ba a fahimtar aikin waɗannan sinadarai a cutar MS sai an san wuraren da aka yi kuskure a kansu.

Cutar MS, wadda cikakken sunanta maltiful sikilirosis, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani. Zaren jijiyoyin da ke waɗannan wurare a naɗe suke da wani rufi mai maiƙo da ake kira mayalin, kuma albarkacin wannan rufi ne saƙo ke iya gudun da ya haura mita 100 a daƙiƙa ɗaya, alhali a jijiyar da ba ta da shi da ƙyar yake wuce mita 1 ko 2. A cutar MS garkuwar jiki ce ke shiga ta yage rufin nan a wurare dabam-dabam, ta bar tabo mai tauri a kowane wuri, kamar yadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya siffanta a birnin Faris a 1868. Idan abin ya faɗa kan jijiyar gani sai ido ya dushe, idan a laka ne sai ƙafa ta ɗauke ji ko ta yi nauyi. Ƙididdigar 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ne ke da cutar a duniya, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma ta fi farawa tsakanin shekara 20 da 40.

Sinadaran da kike tambaya a kansu sunansu saitokin. Ƙananan furotin ne da ƙwayoyin jiki ke fitarwa domin su aika wa juna saƙo, musamman fararen ƙwayoyin jini. Wani saƙon kira ne a taru, wani umarni ne a hayayyafa, wani a kai hari, wani kuma a tsaya haka nan a fara gyara. Dangoginsu suna da yawa: akwai intafiron, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957, akwai intalukin, da ake taƙaitawa IL a biyo da lamba, akwai TNF da kika sani, akwai kuma kimokin, waɗanda aikinsu nuna hanya. Abin da nake so ki riƙe tun daga nan shi ne, ma'anar saitokin tana wurin mai karɓarsa. Kowace ƙwaya tana da makarɓai a fatarta, kuma abin da za ta yi idan saƙo ya iso ya dogara ga irin makarɓin da ya kama shi, da sauran saƙonnin da suka iso tare da shi, da halin da take ciki a lokacin. Don haka abin da ƙwayar gaɓa ta ji daga TNF ba lallai shi ne ƙwayar laka za ta ji ba.

Tashin cutar yana farawa ne a wajen ƙwaƙwalwa, a kaluluwa da makamantanta, inda ake horar da wani jinsin fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. Sabuwar ƙwayar T ba ta da sana'a tukuna, kuma saitokin ɗin da ta tarar a wurin horo su ne ke zaɓa mata. Idan IL-12 ya rinjaya sai ta zama irin da ake kira Th1, mai fitar da intafiron-gama. Idan IL-6 da IL-1 da TGF-beta suka haɗu, sannan IL-23 ya zo ya ƙarfafa ta, sai ta zama Th17, mai fitar da IL-17 da IL-22 da GM-CSF. Idan kuwa TGF-beta da IL-2 ne ba tare da IL-6 ba, sai ta zama ƙwayar T mai tsawatarwa, wadda aikinta hana 'yan'uwanta wuce gona da iri. Ki lura TGF-beta ya fito sau biyu, sau ɗaya a ɓangaren masu kai hari, sau ɗaya a ɓangaren masu hanawa, kuma abokin tafiyarsa ne kawai ya bambanta. Ko mai cikakkiyar lafiya yana da ƙwayoyin T masu iya gane mayalin a jininsa. Na mai MS sun fi saurin tashi, masu tsawatarwarsa kuma, kamar yadda wani bincike na 2004 ya nuna, adadinsu bai ragu ba amma ƙarfinsu ya ragu.

Daga nan sai matsalar shiga. Magudanan jinin ƙwaƙwalwa ba kamar na sauran jiki ba ne, domin ƙwayoyin bangonsu a manne suke gam, har ake kiran su shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Saitokin ne ke buɗe wannan shinge. TNF da IL-1 da intafiron-gama suna sa bangon ya fito da wasu maƙalai, babba a cikinsu VCAM-1, waɗanda ƙwayar T mai wucewa ke kamawa ta tsaya. IL-17 da IL-22 suna sassauta mannin da ke tsakanin ƙwayoyin bangon. Kimokin irin su CXCL10 da CCL2 kuma suna jan ƙwayoyin garkuwa zuwa ciki. Wannan yoyo ne ake gani a hoton MRI idan an yi wa mara lafiya allurar gadoliniyam, wani ruwa mai fito da hoto, sabon tabo ya haska, domin ruwan allurar ya samu kafar tsallakawa. Da baƙin suka shiga, mafi yawan ɓarnar ba da hannunsu suke yin ta ba, da ɗan gari akan ci gari. Ƙwaƙwalwa tana da nata ƙwayoyin garkuwa mazauna cikinta tun asali, waɗanda ake kira maikurogiliya, kuma intafiron-gama da GM-CSF suna tayar da su, tare da wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna monosait da suka biyo daga jini, su shiga cinye mayalin suna fitar da ƙarin TNF da IL-1 da wasu sinadarai masu ƙuna irin su naitirik oksayid. Kumburin shi kaɗai yana iya hana jijiya isar da saƙo tun ba ta tsinke ba, shi ya sa idon da ya dushe yakan dawo bayan wasu makonni idan IL-10 da TGF-beta da ƙwayoyi masu tsawatarwa suka kwantar da abin, ƙwayoyin da ke ƙera mayalin kuma suka fara faci.

Wannan shi ne bayanin a takarda. Ga abin da ya faru da aka fara taɓa saƙonnin a jikin ɗan Adam. A shekarun 1980 an yi zaton wata ƙwayar bairos ce ke ɓoye tana haddasa MS, kuma da yake intafiron sun shahara da yaƙar bairos, sai aka gwada su. A 1987 Hillel Panitch da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon ba mutum 18 intafiron-gama, inda 7 daga cikinsu ciwon ya taso musu ana tsakar gwajin. Shekara shida bayan haka, a 1993, ɗan'uwansa intafiron-beta ya zama magani na farko da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don rage tashin cutar, bayan gwaji ya nuna ya rage shi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sunansu ɗaya, makarɓansu dabam, aikinsu a wannan cuta akasin juna. Zazzaɓi da ciwon jiki da kasala da masu yin allurar intafiron-beta kan ji a daren allura kuwa, su ne ainihin yadda jiki ke jin saitokin idan sun yi yawa a jini, irin abin da kowa ya sani a lokacin mura mai tsanani.

Labarin TNF, wanda shi ne jigon tambayarki, ya fi wannan ɗaukar hankali, saboda duk alamu sun nuna shi ne mai laifi. An same shi a cikin tabon MS, an same shi a ruwan lakar marasa lafiya, a ɗakin gwaji yana kashe ƙwayoyin da ke ƙera mayalin, kuma toshe shi ya kare ɓeraye daga cutar da ake haddasa musu don kwaikwayon MS. A daidai lokacin kuma toshe TNF ya fara nuna abin al'ajabi a amosanin gaɓoɓi, don haka babu wanda zai ga laifin waɗanda suka yi fatan alheri. A 1996 likitoci a ƙasar Holan suka ba da rahoton marasa lafiya biyu da aka yi wa ƙarin maganin toshe TNF, sai sababbin tabo masu haskawa suka ƙaru a hoton MRI ɗinsu. Sannan aka yi babban gwaji da wani magani mai suna lenercept a kan mutum 168, aka wallafa sakamakon a 1999: waɗanda suka samu maganin ciwonsu ya fi tasowa, ya kuma fi tasowa da wuri, fiye da waɗanda aka yi wa allurar da ba ta ɗauke da magani. Dole aka dakatar da shi. Bayan haka aka riƙa samun rahotanni, ko da yake ba su da yawa, na mutanen da ba a san su da MS ba, waɗanda lalacewar mayalin ta bayyana musu suna kan irin waɗannan magunguna saboda ciwon gaɓoɓi ko na hanji ko na fata. Shi ya sa takardar da ke cikin kwalin allurarki take ɗauke da gargaɗi a kan wannan.

Babban dalilin da ake zato shi ne TNF yana da makarɓai biyu. Na ɗaya, TNFR1, yana jikin kusan kowace ƙwaya, kuma ta kansa ake isar da umarnin kumburi da na mutuwar ƙwaya. Na biyu, TNFR2, yana jikin wasu zaɓaɓɓun ƙwayoyi ne, cikinsu har da ƙwayoyin T masu tsawatarwa da jariran ƙwayoyin da za su girma su ƙera sabon mayalin, kuma saƙon da ke bi ta kansa na kariya ne da gyara. A 2001 aka nuna cewa ɓerayen da ba su da TNF, ko ba su da wannan makarɓi na biyu, gyaran mayalinsu yana jinkiri ƙwarai. Maganin da ya kwashe TNF gaba ɗaya ya toshe saƙon ɓarna da saƙon gyara tare. A gaɓa ribar ta fi asarar nesa ba kusa ba, shi ya sa kika samu sauƙi. A jijiyar mai MS lissafin ya juya, garin gyaran gira a rasa ido. Abin da ya fi gamsar da ni a wannan batu shi ne binciken da aka yi a Jami'ar Oxford a 2012, wanda ya duba wani ɗan bambanci a ƙwayar gadon da ke ƙera TNFR1, bambancin da aka riga aka san yana ƙara haɗarin kamuwa da MS. Sai aka gano cewa yana sa jiki ya ƙera guntun makarɓi da ke yawo yana kama TNF, wato daidai irin aikin da allurarki ke yi. Abin da gwajin magani ya nuna a asibiti shi ne gado ya nuna ta wata ƙofar dabam.

An sake cin karo da irin wannan a wani wurin. Tun 1933, lokacin da Thomas Rivers ya fara haddasa wa birai cuta mai kama da MS, yawancin abin da aka sani game da saitokin a wannan fage daga dabbobin gwaji ya fito. Shekaru da dama ana ɗora laifin a kan IL-12 da ƙwayoyin Th1, duk da cewa ɓerayen da ba su da intafiron-gama cutar ta fi tsananta musu. A 2003 aka warware kullin: IL-12 da IL-23 suna da wani sashe guda da suke tarayya a kansa, kuma gwaje-gwajen baya da suka cire wannan sashe sun cire su biyun ne ba tare da an sani ba. Da aka raba su, IL-23 ne ya fito a matsayin wanda cutar ɓeran ba ta yiwuwa sai da shi, daga nan kuma aka gano ƙwayoyin Th17 a 2005. Sai aka ɗauki ustekinumab, wanda ke toshe wancan sashe na tarayya kuma yake aiki sosai a cutar fata ta soriyasis, aka gwada shi a kan masu MS 249. Sakamakon da ya fito a 2008 bai nuna wani amfani ba. Toshe IL-17 da secukinumab ya rage wasu tabon a hoto a wani ƙaramin gwaji, amma bai kai ga zama maganin MS ba. Akwai dalilai biyu da nake ganin sun fi ƙarfi. Na farko, saitokin suna maye gurbin juna, idan an rufe bakin ɗaya wani ya isar da saƙon. Na biyu, cutar ɓera ba ita ce cutar mutum ba: a ɓera ana ba da magani tun cutar ba ta kafu ba, a mutum kuwa sai bayan shekaru tana aiki, kuma tabon mutum ya fi cika da wani jinsin ƙwayoyin T da ake kira CD8, waɗanda ba su ne kan gaba a yawancin gwajin ɓera ba.

Magungunan da suka yi nasara sosai ba saƙo ɗaya suka bi ba. Natalizumab, da aka fara amincewa da shi a 2004, hanya yake tarewa: yana hana ƙwayoyin garkuwa kama VCAM-1, don haka ba sa tsallaka shingen, kuma ya rage tashin cuta da kashi 68 cikin 100 a babban gwajinsa. Illarsa ita ce sintirin da garkuwa ke yi a ƙwaƙwalwa yana raguwa, har wata bairos mai suna JC kan samu dama a wasu mutane ta haddasa mummunan ciwo, shi ya sa ake gwajin jini kafin a fara shi da kuma lokacin da ake kansa. Wasu magungunan kuma ƙwayoyin da ke aika saƙon suke kawarwa. A 2008 Stephen Hauser da abokan aikinsa suka nuna cewa rituximab, mai kwashe wani jinsin fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B, ya rage sababbin tabo masu haskawa da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin 'yan watanni. An san ƙwayoyin B da ƙera antibodi, wato furotin ɗin da garkuwa ke kama abokin gaba da shi, amma maganin ba ya taɓa ƙwayoyin da suka riga suka balaga suna ƙera shi, kuma sauƙin ya zo tun antibodin bai canja ba. Ashe ƙwayoyin B na mai MS suna fitar da IL-6 da TNF da GM-CSF fiye da kima, IL-10 mai kwantarwa kuma ƙasa da kima, suna ta zuga ƙwayoyin T da monosait. A kan wannan turba ocrelizumab ya fito a 2017. Ko a nan ma an sha mamaki, domin atacicept, wanda ke toshe BAFF da APRIL, saitokin biyu da ƙwayoyin B ke rayuwa da su, ninka tashin cutar ya yi maimakon ya rage, aka dakatar da gwajinsa. Daclizumab kuma, mai taɓa makarɓin IL-2, ya rage tashin cutar da gaske, amma aka janye shi daga kasuwa a watan Maris na 2018 saboda kumburin ƙwaƙwalwa da ya bayyana a wasu masu amfani da shi, ga kuma illar hanta da aka riga aka sani.

Akwai wata cuta makusanciya da ya kamata ki sani, domin a wurinta toshe saitokin guda yana aiki. Sunanta NMOSD, ita ma jijiyar gani da laka take kamawa, kuma an daɗe ana ɗaukarta wani nau'in MS har zuwa 2004, lokacin da aka gano antibodin da ke bambanta ta, wanda ke kai hari kan wani furotin mai suna akwaforin-4. A wannan cuta IL-6 yana tsakiyar lamarin, kuma satralizumab, mai toshe makarɓinsa, ya samu amincewa a 2020. Intafiron-beta da natalizumab kuwa, masu amfani a MS, suna iya tsananta ta. Kason NMOSD a cikin masu irin waɗannan alamu ya fi yawa a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne ko gabashin Asiya, don haka duk wanda ciwonsa ya fara da ido da laka, kamar ƙanwarki, yana da kyau a tabbatar an yi masa gwajin wannan antibodi. Ki tambayi likitanta ko an yi.

Game da auna jini, matsalar ita ce saitokin saƙon kusa ne. Ƙwaya tana fitar da shi ne don maƙwabciyarta, a ɗan adadin da ake aunawa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram, kuma da yawansu ba sa wuce mintoci ko 'yan sa'o'i kafin su ɓace. Abin da ke faruwa a cikin tabo a laka ba ya bayyana da aminci a jinin da aka ɗiba a hannu, wanda mura ko rashin barci ko motsa jiki ke iya canja shi. Saboda haka ba a gano MS da awon saitokin, ba a kuma zaɓar magani da shi. Ana dogara ne ga tarihin ciwo, da hoton MRI, da ruwan laka, inda ake neman alamar cewa ana ƙera antibodi a cikin shingen. Kimokin mai suna CXCL13, wanda ke kiran ƙwayoyin B, yakan ƙaru a ruwan lakar masu MS, amma yana ƙaruwa a wasu cututtukan ma, don haka ya fi amfani a bincike. Wanda ya fi kusa da shiga aikin yau da kullum shi ne niyurofilament, kuma shi ba saƙo ba ne, ɓurɓushin jijiyar da ta lalace ne da ke fitowa a jini.

Abin da ya fi damun mu masu kula da wannan cuta shi ne matakin da ke zuwa wa wasu bayan shekaru, inda tashin ciwo ke raguwa amma nakasa ta ci gaba a hankali. A lokacin shingen ya koma ya rufe, kumburin kuma yana ci a bayansa. Ƙwayoyin B da T suna tarewa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa suna zuba saitokin cikin ruwan da ke kewaye da ita, ɓawon ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashinsu yana zaizayewa, maikurogiliya kuma suna ci gaba da cin gefen tsofaffin tabo. Magungunan da suke antibodi ne manya ne, abin da ke tsallaka shinge daga cikinsu bai fi kashi ɗaya cikin dubu ba ko kusa da haka. Shi ya sa ake neman ƙananan magunguna masu iya shiga. Ɗaya daga cikinsu, tolebrutinib, a gwajin da aka wallafa a 2025 ya rage haɗarin ƙaruwar nakasa da kashi 31 cikin 100 a masu wannan mataki, sai dai ya zo da matsalar hanta a wasu. Wannan ne dalilin da ya sa nake matsa wa marasa lafiyata su fara magani mai ƙarfi da wuri, tun kumburin yana inda magani ke iya kaiwa gare shi, kada sauƙin da ke biyo bayan tashin farko ya sa a yi sakaci.

Ga ƙanwarki, wannan bayani yana da amfani a aikace. Kamuwa da mura ko ciwon mafitsara yana tayar da saitokin a jiki duka, kuma an daɗe da sanin cewa tashin MS ya fi yawa a makonnin da ke kewaye da irin waɗannan cututtuka, don haka kada ta raina su. Idan ciwon ya taso da ƙarfi akan ba da methylprednisolone giram 1 a rana na kwana 3 zuwa 5, wanda ke rufe bakin saitokin masu yawa lokaci guda ya gajarta tashin, amma ba ya maye gurbin maganin dogon zango. Shan taba yana ƙara haɗarin cutar da saurin ci gabanta. Duk abin da aka tallata mata da sunan ƙara ƙarfin garkuwar jiki ta nisance shi sai da sanin likitanta, domin garkuwarta ba rauni gare ta ba, saiti ne ya kuɓuce mata, kuma kin ga abin da intafiron-gama ya yi. Idan tana da niyyar haihuwa ta sanar da wuri a tsara maganinta. Wani babban bincike na 1998 ya nuna tashin cutar yana raguwa da kusan kashi 70 cikin 100 a watanni ukun ƙarshe na ciki, lokacin da garkuwar uwa ke karkata ga saƙonnin kwantarwa, sannan ya ƙaru a watanni ukun farko bayan haihuwa.

Ke ma akwai abin da ya shafe ki kai tsaye, kuma ina roƙonki kada ki jinkirta shi. 'Yar'uwar mai MS ta jini tana da haɗarin da ya ɗara na sauran mutane, kimanin 2 zuwa 4 cikin 100 a ƙasashen da cutar ta yi yawa, wanda har yanzu ƙarami ne. Amma saboda abin da na bayyana, wasu ƙa'idojin likitoci suna ba da shawarar a sake nazari kafin a ci gaba da maganin toshe TNF ga wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ke da cutar lalacewar mayalin. Lokacin da aka ɗora ki a kan adalimumab ba a san da ciwon ƙanwarki ba, yanzu an sani, don haka ki sanar da likitan gaɓoɓinki a ganawarku ta gaba ko kafin nan. Kada ki dakatar da allurar da kanki, domin amosanin da aka sake yana cin gaɓa cin da ba ya gyaruwa, kuma akwai wasu magungunan da ke bi ta wata hanyar idan ya ga ya dace a canja. Idan kuwa kika ji idonki ɗaya ya dushe ko yana ciwo idan kin juya shi, ko wani sashe na jikinki ya ɗauke ji ko ya yi rauni har ya wuce kwana guda, ki je asibiti a ranar, kuma kada ki yi allura ta gaba sai an duba ki.